Kare ya yi amai mai ruwan ƙasa: amsoshin tambayoyinku

Wasiƙun wannan makon kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu: kare ya yi amai mai ruwan ƙasa, wane magani za a sayo? Launin amai shi kaɗai ba ya nuna cuta. Abinci na kawo shi, ƙasa ko kashin da kare ya ci na kawo shi, jinin da ya daɗe a tumbi na kawo shi, toshewar hanji ma haka. Biyun farko kan wuce da kansu, biyun ƙarshe suna kisa.

Tambaya: Karyata mai shekara 3 ta yi amai sau ɗaya bayan ta ci abinci, ruwan ƙasa ne. Tana wasa, tana shan ruwa, amma ni na kasa barci. In sayo maganin tsayar da amai?

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, kin yi daidai da kika lura. Kada ki sayi komai tukuna. Idan ta sake, ɗebi kaɗan da cokali ki shafa a farar takarda, ki duba cikin haske. In kika ga gutsattsarin abinci mai launi ɗaya da wanda ke kwanonta, kuma warin abinci yake yi, to abincin ne ya dawo. Busasshen abincin karnuka ruwan ƙasa ne, in ya jiƙa a ciki haka yake fitowa. Abin tsoro shi ne baƙaƙen ɗigo-ɗigo irin na jiƙaƙƙen garin kofi, ko jan jini, ko warin kashi.

Ɗaga leɓenta ki duba dasashi: lafiyayye ruwan hoda ne mai danshi. Danna da yatsa ki saki, launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Zafin jikin kare daga digiri 38 zuwa 39.2 yake, a dubura ake aunawa. In duk waɗannan daidai suke, ɗauke mata abinci awa 6 zuwa 12, ruwa kuma cokali 2 ko 3 duk rabin awa, kada ta kwankwaɗi kwano guda a lokaci ɗaya. Bayan haka farar shinkafa dafaffa kashi 2 da tsokar kaza kashi 1, ba fata, ba ƙashi, ba mai, ba gishiri, ba albasa, kaɗan-kaɗan sau 4 a yini na kwana 2. Wannan azumin na babban kare ne mai lafiya, ba a yi wa kwikwiyo ko mai ciwon sukari. In aman ya kai sau 3 a yini, ko ya wuce awa 24, ko ruwa ma ba ya zama, sai asibitin dabbobi. Idan kuwa mai hadamar ci ce, wadda abinci ke dawo mata nan take ba tare da kakari ba, raba mata shi gida 3 a faffaɗan tire.

Tambaya: Karena mai kilo 15 yana ɗingishi, sai na ba shi ibufurofen mai miligiram 400 safe da yamma, kwana 4, na haɗa da dikulofenak. Yanzu amansa ruwan ƙasa ne da baƙin tsaki-tsaki, kashinsa baƙi. Wane maganin olsa ya fi kyau in saya?

Malam, ajiye kuɗin maganin olsar ka ɗauki karen nan zuwa wurin likitan dabbobi yau, da kwalayen magungunan a hannunka. Baƙin tsakin nan jini ne da ruwan tumbi ya ƙona, baƙin kashin mai danƙo irin na kwalta shi ma jini ne da ya bi hanji. Tumbinsa ya yi gyambo yana zubar da jini, kuma ƙwayoyin da ka ba shi ne suka jawo.

A nan zan daɗe, don babu abin da ke ɓata mini rai a wannan fili kamar wannan ɗabi'a. Mutum zai sayi kare da tsada, ya saya masa sarƙa da kwano da sabulu, amma ranar da ya yi ɗingishi sai ya buɗe durowa ya ɗauko abin da shi yake sha in bayansa na ciwo. Kare ba ƙaramin mutum ba ne. Ibufurofen, dikulofenak, nafurokzen, firokzikam da asfirin duk aiki ɗaya suke yi: suna hana jiki samar da sinadaran da ke kawo zafi da kumburi. Sai dai waɗannan sinadaran su ne kuma ke sa tumbi ya fitar da yauƙin da ke kare bangonsa, su ne ke buɗe jijiyoyin jinin ƙoda. Jikin kare ba ya fitar da maganin da wuri. Hanta ta tura shi hanji, hanji ya sake tsotse shi, ya yi ta zagaye yana cin bangon tumbi.

Yi lissafi da kanka. Ibufurofen na fara taɓa cikin kare daga kusan miligiram 25 a kowane kilo. Ƙwaya ɗaya mai 400 a kare mai kilo 15 ta haura 26. Wato ƙwayar farko ta riga ta kai wurin, kai kuma ka ba shi 8, ka ɗora wani ɗan'uwansa a kai. Masu haɗa irin waɗannan da dekzametazon ko furednisolon don kumburi ya saɓe da wuri, su suka fi kusa da huda tumbi gaba ɗaya. In tumbi ya huje, abin da ke ciki ya zuba a kogon ciki, sai tiyata, ita ma ba kullum take ceto ba. Farasitamol ba mafita ba ne: yawansa na lalata hanta, yana mayar da dasashi ruwan ƙasa saboda jini ya kasa ɗaukar iska, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Akwai maganin zafi da aka yi don karnuka, kamar karfurofen da melokzikam, amma likita ne ke auna su da nauyin kare bayan ya tabbatar ƙoda da hanta lafiya suke. Kada wani ya ji sunan ya ruga shagon magani. Melokzikam ɗin kare miligiram 0.1 ne a kowane kilo a yini, ƙwayar mutane mai miligiram 15 kuwa rabon kare mai kilo 150 ce, kuma babu mai irin wannan kare a gidansa. Mai sayar da maganin mutane bai karanci jikin dabba ba, ko da ya yi maka magana da ƙarfin gwiwa. Balle ƙwayoyin da ake ƙirga wa mutum a leda, ba kwali, ba ranar lalacewa, ba sunan kamfani. Ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa.

A asibiti za su auna yawan jininsa da aikin ƙodarsa, su sa masa ƙarin ruwa, su ba shi omefurazol don rage tsamin tumbi da sukuralfet da ke lulluɓe gyambon. In dasashinsa ya yi fari, yana iya buƙatar ƙarin jini. Faɗa wa likita gaskiyar abin da ka ba shi, nawa, kuma yaushe. Kunya a wannan wurin tana cin ran kare.

Tambaya: Na ga karena yana lasar maganin ɓera kwana 3 da suka wuce. Na ɗura masa madara da ruwan gishiri, bai nuna komai ba. Yau ya yi amai mai duhu, ya yi laushi. An ce in sayi bitamin K.

Ɗan'uwa, shirun kwana 3 ɗin nan shi ne halin wannan guba. Yawancin maganin ɓera, irin su warfarin, burodifakum da buromadiyolon, hana jini daskarewa suke yi, kuma sai abin da jiki ya tanada ya ƙare, kwana 3 zuwa 5, sannan zubar jini ke farawa: a tumbi, a huhu, a ƙarƙashin fata, a dasashi. Tafi asibiti yanzu da takardar gubar, ka ɗauke shi a hankali, kada ya yi gudu ko ya bugu.

Makarinta bitamin K1 ne. Akwai K3 mai araha, ba ya aiki a nan, kada a canja maka. K1 ana sha da abinci har mako 3 zuwa 4 in sabuwar guba ce mai daɗewa a jiki, sannan a gwada daskarewar jini kwana 2 ko 3 bayan ƙwayar ƙarshe. Masu tsayawa a mako ɗaya don kare ya miƙe su ne ke komawa da shi ranga-ranga. Wasu magungunan ɓeran kuma ba ruwansu da K1. Mai sinadarin zink fosfaid iskar guba yake fitarwa a tumbi, abinci ko madara na ƙara ta, kuma iskar aman na cutar da mai gogewa a rufaffen ɗaki. Shi ya sa na ce da takardar. Ruwan gishiri kuwa a daina shi: gishiri mai yawa na kumbura ƙwaƙwalwa ya kawo farfaɗiya. Sa kare amai aikin likita ne, kuma amfaninsa a awa 2 na farko yake.

Tambaya: Aman karena warin kashi yake yi, kwana 2 bai yi bayan gida ba. Wane maganin wankin ciki zan saya?

Ko ɗaya. Warin kashi a amai hanya biyu gare shi. Ko dai kare ya ci kashi, nasa ko na wata dabba, ya amayar sau ɗaya ya ci gaba da harkarsa. Wannan share wuri da wuri da kula da shi a waje ke maganinsa, kada ka ɓata kuɗi a kan garin da ake cewa yana hana cin kashi. Ko kuma wani abu ya tsaya a hanji, abin da ke bayansa yana dawowa sama. Naka na biyun yake kama: amai a kai a kai, ba kashi, ya ƙi abinci, yana gantsarewa in an taɓa ciki. Totuwar masara, dafaffen ƙashi, dutse, safa, leda, su ne aka fi cirowa. Maganin wankin ciki ko na tsayar da amai irin metokulofuramid yana sa hanji ya matsa a kan abin da ya toshe shi har ya yage. Hoton ciki ake ɗauka, sau da yawa a yi tiyata, kuma kowane yini na jinkiri yana ƙara tsawon hanjin da zai mutu a yanke. In ka ga zare na leƙowa ta baki ko dubura, kada ka ja.

Masu manyan karnuka masu zurfin ƙirji su riƙe wannan: kakarin amai ba abin da ke fita sai kumfa, ciki ya kumbura ya yi tauri, kare ya kasa zama, murɗewar tumbi ce. Awoyi kaɗan gare ku.

Tambaya: Na sayi kwikwiyo ɗan wata 3, mai sayarwa ya ce an yi masa allura. Yanzu yana amai ruwan ƙasa da zawo mai jini da ƙarni. Tsutsar ciki ce?

Tana iya zama, don tsutsa mai ƙugiya na shan jinin hanji har kwikwiyo ya yi fari. Amma amai da zawon jini mai wari a ɗan wata 3, cutar farbo, wato bairos mai saurin yaɗuwa da ke cin hanjin kwikwiyo, ake fara zargi har sai gwajin kashi ya wanke ta. Na san ranka a tashe yake, 'yata ko ɗana, don ba ka faɗi ko wane ne kai ba, amma ka sani kwikwiyon da aka kai da wuri aka sa wa ƙarin ruwa yana da kyakkyawar damar tashi. Babu ƙwayar da ke kashe wannan cuta. Ruwa, maganin amai da na wasu ƙwayoyin cutar da kan biyo baya ke riƙe shi har jikinsa ya yi nasara. Ware shi daga sauran karnuka, ka wanke wurin da bilic kashi 1 a ruwa kashi 30, ya zauna minti 10, don cutar na yin watanni a ƙasa.

"An yi masa allura" ba shaida ba ce. Allura ɗaya ba ta isa: ana farawa a mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Nemi kati mai kwanan wata, sa hannun likita da tambarin kwalbar a manne. Riga-kafin da bai zauna a firiji tsakanin digiri 2 da 8 ba, ruwa ne kawai aka tsira masa. Araha ba ta ado.

Tambaya: Yara sun ba kare cakulan, ya yi amai ruwan ƙasa.

Auna abin da ya ci. A kare mai kilo 10, kusan giram 100 na cakulan mai madara ke fara tayar da hankali, baƙi mai ɗaci kuwa giram 20 zuwa 40 sun isa. In yana haki, rawar jiki, ƙishi ko bugun zuciya da sauri, asibiti. In gutsure ɗaya ne na mai madara, ka sa masa ido zuwa gobe.

Tambaya: In canja masa abinci zuwa mai wani launi don aman ya daina zama ruwan ƙasa?

Haba malam! Launin ne ya dame ka ko aman? Nemi dalilin da ya sa yake amai. In ma canjin ya zama dole, a kwana 7 ake yi: sabo kashi 1 cikin 4 na kwana 2, rabi da rabi na kwana 2, kashi 3 cikin 4 na kwana 2, sannan sabo zalla. Sayi buhu a rufe mai ranar lalacewa, wanda zai ƙare cikin wata ɗaya ko mako 6 bayan an buɗe, ka ɗora shi a kan katako a wuri busasshe. Wanda ya yi danshi, ya dunƙule ko yake warin fumfuna, zubar da shi duka, kada ka tsince na sama. Gubar fumfuna hanta take ci, zafin girki ba ya kashe ta, kuma alamarta ta farko sau da yawa ita ce kare ya shinshina kwano ya juya baya.