An Ba Ni Kiwon Lafiyar Al'umma Maimakon Likitanci, Ina Makomata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Likitanci na cike a JAMB amma makina bai kai ba, sai jami'a ta ba ni gurbi a fannin kiwon lafiyar al'umma. Babana ya ce in karɓa, sai dai kullum yana tambayata ko in na gama za a kira ni likita, ni kuma ban san me zan ce masa ba. Don Allah me ake koyarwa a fannin, kuma wane aiki ake samu da shi?
Daga wata ɗaliba a Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki gaya wa Baba gaskiya tun yanzu, kada ya sa rai: wannan digiri ba ya mai da mutum likita. Ba zai ba ki lasisin duba marar lafiya ko rubuta magani ba. Likita mutum ɗaya yake dubawa a gabansa. Ke kuwa za a koya miki duba gari ne gaba ɗaya: me ya sa ciwo ya yi yawa a wannan unguwa, daga ina yake fitowa, kuma ta yaya za a toshe hanyarsa.

Tunda daga Zamfara kike, ba sai na je nesa neman misali ba. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wasu da suma da farfaɗiya, har aka rasa sama da 400. Da aka auna jinin yaran da ƙasar gidajen, sai aka gano gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gida. Likitocin ƙungiyar agaji ta duniya MSF sun ba da maganin fitar da gubar daga jiki, amma yaron da aka sallama in ya koma tsakar gidan nan ya ci gaba da rarrafe yana kai hannu baki, an koma gidan jiya. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka kuma shawo kan magidanta su fitar da dakan dutse daga cikin gari. Ganowa, aunawa, da shawo kan jama'ar nan, su ne aikin da ake shirya ki dominsa.

Karatun galibi shekara huɗu ne, sannan bautar ƙasa. Za ki yi ilimin bin diddigin cututtuka, ƙididdiga, tsaftar muhalli da ruwan sha, abinci mai gina jiki, lafiyar uwa da jariri, rigakafi, da tsarin gudanar da ma'aikatun lafiya. Ɗalibai da yawa suna shigowa da murnar sun tsere wa lissafi, sai su yi karo da ƙididdiga a aji biyu. To ita ce ƙashin bayan fannin, kuma ita za ta ciyar da ke. Wanda ya yi mata haddar cin jarrabawa kawai, zai fita da takarda amma hannunsa wayam.

Batun aiki kuwa, a gwamnati akwai ma'aikatun lafiya na jihohi, da hukumomin kula da lafiya a matakin farko, wato NPHCDA ta tarayya da takwarorinta na jihohi, da kuma NCDC mai yaƙi da annoba, wadda aka kafa a 2011 ta samu dokarta a 2018. A ƙananan hukumomi akwai jami'an sa ido kan cututtuka, masu tattara rahoton ƙyanda, kwalara, sanƙarau da mashaƙo daga asibitoci su aika sama. Irin aikin nan ne ya ceci Najeriya a 2014 da Ebola ta shigo Legas: an bi mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, ana auna zafin jikin kowa har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, abin ya tsaya nan.

Sai ƙungiyoyi irin su WHO, UNICEF, MSF da eHealth Africa. Albashinsu ya fi na gwamnati, shi ya sa kowa can yake hange. Amma yawancin aikinsu na kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu, kuma in masu ba da tallafi suka janye hannu, aikin ya tafi. Ba su cika ɗaukar wanda bai taɓa fita fili ba. Abin da suke tambaya shi ne: kin iya Excel sosai? Kin taɓa tattara bayanai da waya ta manhajar Kobo ko ODK? Kin san DHIS2, manhajar da ake shigar da alƙaluman asibitoci? Kin iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta? Duk waɗannan kina iya fara koyonsu tun kina aji ɗaya, kuma in an zo zagayen rigakafi lokacin hutu, ki nemi a sa ki ko da alawus ɗin bai taka kara ya karya ba.

Akwai wani jari da kike da shi wanda ba a rubuta shi a takarda. Ke mace ce, Bahaushiya, kina shiga gidan da aka rubuta "ba shiga". Bayan ƙin rigakafin shan inna da aka yi a Arewa a 2003, ba allura ce ta yi ƙaranci ba, amana ce. Sarakuna da malamai da mata masu bi gida-gida ne suka dawo da ita, har aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali, wadda ake kira ta daji, ta kama a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Wadda ta iya zama a kan tabarma da uwargida ta fahimtar da ita, kuma ta iya komawa ofis ta mai da abin da ta gani alƙaluma, ba ta da yawa a kasuwa.

Digiri na farko shi kaɗai ba ya kai mutum manyan kujeru. Yawanci sai an ƙara da na biyu, wato MPH, wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da wasunsu. A can za ki zauna aji ɗaya da likitoci da ma'aikatan jinya, kuma ba zan ɓoye miki ba, a ma'aikatunmu likita kan riga ki samun kujerar darakta. Duk da haka ƙofar ba a rufe take ba. Tedros Adhanom Ghebreyesus na Habasha, shugaban WHO tun 2017, ba likitan asibiti ba ne: ilimin halittu ya fara karantawa, ya yi digirin digirgir a lafiyar al'umma. Wannan ma kina iya faɗa wa Baba, domin ta wannan hanya ana kiran mutum Dakta.

Kafin ki biya kuɗin rajista, ki tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin a jami'ar. In kuma kin san abin da ranki yake so shi ne riƙe hannun marar lafiya, kada ki shiga nan da niyyar sauya sheƙa daga baya, domin komawa likitanci daga ciki yana da wuya ƙwarai. Gara ki nemi aikin jinya ko ungozoma, ko ki sake zama JAMB baɗi.