Hutun Mako Guda a Kan Keke: Loire, Danube ko Rhine?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna shirin yin hutun mako guda a Turai, kuma muna so mu yi shi a kan keke, muna bin gefen kogi daga gari zuwa gari, muna shiga fadodin sarakunan dā da tsofaffin garuruwa. Dukkanmu mun haura shekara arba'in da biyar, lafiyarmu ƙalau, amma babu wanda ya taɓa yin fiye da awa biyu a kan keke a tashi ɗaya. An ambata mana kogin Loire da Danube da Rhine. Wanne ya fi dacewa da mu? Kilomita nawa ya kamata mu yi a yini? Kuma mu bi ta hannun kamfani ne, ko mu shirya da kanmu?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a yi tafiya lafiya. Ƙarfin ƙafa ba zai zama damuwarku ba, domin hanyar da ke bin kogi shimfiɗaɗɗiya ce, kuma duk mai lafiyar da zai iya awa biyu a kan keke zai iya kilomita 40 a yini idan ya raba su gida biyu. Abin da ke ɓata irin wannan hutu shi ne lokaci. Mutum yakan duba taswira ya ga kilomita 60 tsakanin gari da gari, ya lissafa awa huɗu, ya manta cewa fada ɗaya tana cin awa biyu zuwa uku kafin a zaga ɗakunanta da lambunta, kuma galibinsu suna rufe ƙofa da yamma tun rana tana sama. Saboda haka ku fara da zaɓen abin da kuke son gani a kowace rana, sannan ku ba keke abin da ya rage na yinin.

Kogunan nan uku kowanne da irin fadodinsa. A Jamus, sashen Rhine da ake nufi shi ne kwarin da ke tsakanin Bingen da Koblenz, mai tsawon kimanin kilomita 65, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. A wannan ɗan tsakani akwai fadodi masu ganuwa kusan arba'in, kuma yawancinsu an gina su ne don yaƙi da karɓar kuɗin fito daga jiragen 'yan kasuwa. Pfalzgrafenstein, wadda aka fara ginawa a 1326, tana zaune ne a tsakiyar ruwa kusa da Kaub, yadda jirgi ba zai wuce ba sai ya biya. Sauran kuwa suna can ƙolin duwatsu, sai an jingine keke a ƙasa an hau da ƙafa. Wurin yana da kyau matuƙa, amma kwarin matsattse ne, layin dogo da babbar hanya suna bin gaɓarsa duka biyu, don haka ƙarar jirgin ƙasa da ta motoci ba ta rabuwa da kunnen mai keke. A ganina tafiyar kwana biyu ce, ba ta isa ta cika mako ita kaɗai ba.

Danube ita ce hanyar da aka fi aika sabon shiga, kuma akwai dalili. Daga Passau, garin Jamus da ke bakin iyaka inda kogunan Inn da Ilz suke haɗuwa da Danube, zuwa Biyana babban birnin Ostiriya, kimanin kilomita 320 ne, kusan duka a kan kwalta kuma yawanci nesa da motoci. Wani ɓangare mai yawa na hanyar tsohuwar turba ce da dawakai suke bi suna jan jiragen kaya su haura kogin kafin zuwan injin tururi, shi ya sa take manne da ruwa ba hawa ba gangara. Ga kuma iska: a wannan yanki ta fi busowa daga yamma, kogin kuma gabas ya nufa, don haka sau da yawa tana tura mutum ne daga baya. Sai dai wanda ya zo don fadodi zai yi kwanaki yana ganin ruwa da daji da madatsun lantarki kafin ya isa kwarin Wachau, tsakanin Melk da Krems, inda tarihin ya taru a cikin abin da bai kai kilomita 40 ba. A nan ne gidan ibadar Melk yake, wanda aka kafa a 1089, da kangon fadar Dürnstein inda aka tsare Sarkin Ingila Richard na ɗaya a ƙarshen 1192 a kan hanyarsa ta komawa gida daga yaƙi. Raba kilomita 320 a kwana shida yana ba da sama da 50 a kullum, abin da zai bar muku ɗan lokaci kaɗan na shiga wurare.

Tunda fadodi da tsofaffin garuruwa ne gaba a wajenku, Loire ta Faransa zan zaɓa muku. Hanyar keken da ake kira Loire à Vélo ta kai kimanin kilomita 900, amma ba ku da buƙatar ko da rabinta. Yankin da ke tsakanin Saumur da Blois ya isa, kuma yana cikin sashen da UNESCO ta amince da shi a 2000. Fadodin nan, ban da kaɗan daga cikinsu, gidajen hutu ne da sarakuna da fadawansu suka gina ko suka sabunta tun daga ƙarshen ƙarni na 15, bayan yaƙe-yaƙe da Ingila sun lafa, da wani farin dutse mai laushi da ake haƙowa a gaɓar kogin. Ramukan da aka bari bayan haƙar dutsen har yau mutane suna zaune a cikin wasunsu, kuma za ku wuce ta ƙofarsu a gabashin Saumur.

Akwai abu biyu game da Loire da takardun talla ba su cika faɗa ba. Na farko, da yawa daga cikin shahararrun fadodin ba a bakin Loire ɗin suke ba. Chinon tana kan kogin Vienne, Azay-le-Rideau tana kan Indre, Chenonceau tana kan Cher, Chambord kuma tana cikin daji kusan kilomita 20 daga Blois. Kowace ɗaya sai an ratse, kuma ratsewa daga kwarin kogi zuwa wani kwarin yana nufin hawan tudun da ya raba su. Tuddan ba dogaye ba ne, amma a nan ne za ku san amfanin ƙaramar giya. Na biyu, Loire yamma ta nufa, wato cikin iskar da ke tasowa daga teku. Mutane da yawa suna ɗauka bin ruwa ya gangara shi ne sauƙi, alhali gangaren kogin ba ya ko jiyuwa a ƙafa, iska kuwa tana jiyuwa sosai, musamman a kan dogayen jingar da aka yi don tare ambaliya, inda babu bishiyar da za ta kāre mutum. Shi ya sa nake ba ku shawarar ku tashi daga Saumur ku nufi gabas.

Idan kuka yi haka, makon zai shirya kansa. Ranar farko ku bi ta Fontevraud ku kwana a Chinon. A gidan ibadar Fontevraud ne aka binne wancan Richard da aka tsare a bakin Danube, tare da mahaifinsa Henry na biyu da mahaifiyarsa Eleanor, kuma siffofinsu na dutse suna kwance a tsakiyar ɗakin. A fadar Chinon kuma Jeanne d'Arc, budurwar da ta jagoranci sojojin Faransa a yaƙi da Ingila, ta sadu da Charles na bakwai na Faransa a 1429. Daga nan sai Azay-le-Rideau, sai Villandry wadda lambunta ya fi gininta suna, inda ake shuka kabeji da sauran kayan lambu cikin zane kamar aikin saƙa, sannan ku shiga Tours. Daga Tours zuwa Amboise bai kai kilomita 30 ba, kuma a Amboise ɗin ina so ku kwana biyu. Rana ɗaya ta garin ce, da fadarsa da gidan Clos Lucé inda shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, Leonardo da Vinci, ya zauna daga 1516 har rasuwarsa a 1519. Ɗaya ranar kuma ku bar kaya a masauki ku je Chenonceau ku dawo. Wannan fada an shimfiɗa ta ne a kan gada ta ƙetare kogin Cher, doguwar farfajiyarta mai tsawon mita 60 tana saman ruwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kogin ne iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, har aka riƙa bi ta cikin farfajiyar ana tsere da mutane. Ku isa da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Bayan haka sai Chaumont da Blois, ku rufe da Chambord, wadda Sarki François na ɗaya ya fara ginawa a 1519, mai ɗakuna sama da 400 da katanga mai tsawon kilomita 32. A tsakiyarta akwai matakala biyu da suka naɗe juna, mai hawa da mai sauka suna hango juna ta tagogi amma ba sa haɗuwa.

A wannan tsari babu ranar da ta wuce kilomita 45, wasu ma ba su kai 30 ba. Da kaya da tsayawa ɗaukar hoto, ku lissafa kilomita 15 a awa guda, wato awa uku a kan sirdi a rana mafi tsawo. Fada ɗaya a yini ta isa, biyu ita ce iyaka, domin bayan ta uku gadajen sarakuna da zanen fuskokinsu duk sukan zama iri ɗaya a ido. Ku kuma kula da cewa a ƙananan garuruwan Faransa gidajen abinci suna ba da abincin rana ne daga sha biyu zuwa kusan ƙarfe biyu, shaguna da yawa kuma suna rufe ranar Lahadi da yamma da Litinin, don haka kada jaka ta rabu da ruwa da abin taɓawa.

Game da kamfani, akwai hanya ta tsakiya wadda ita na fi so wa mai fara irin wannan tafiya. Kamfanin zai kama muku masauki, ya ba ku hayar keke da taswira, ya kuma riƙa ɗaukar akwatunanku daga otal zuwa otal, amma ba ɗan rakiya ba ayari, ku kaɗai za ku tafi a lokacin da kuka ga dama. Da safe ku ajiye akwati a wurin karɓar baƙi, da yamma ku tarar da shi a gari na gaba. Ya fi shirya wa kai tsada, amma yana raba ku da nauyin kaya a kan kariya, wanda shi ke mayar da ƙaramin tudu babba. Idan kun fi son ku shirya da kanku, ku nemi masaukai masu alamar Accueil Vélo, wadda ke nuna suna kusa da hanya kuma suna da wurin kulle keke. Jirgin ƙasa ma yana bin kwarin, yana tsayawa a Saumur da Tours da Amboise da Blois, kuma jiragen yankin suna ɗaukar keke, saboda haka ranar ruwan sama ko gajiya akwai mafita.

Keke mai batir ya halatta, kuma idan ƙarfinku bai zo ɗaya ba shi ne zai hana ɗaya jiran ɗaya a kan kowane tudu. A dokar Tarayyar Turai injinsa ba ya wuce wat 250, yana taimakawa ne kawai idan ana taka feda, kuma yana daina taimako a gudun kilomita 25 a awa. Nauyinsa ya haura kilo 20, abin da za ku ji a matakalar tashar jirgi. A can za ku yi hayarsa, domin jiragen sama ba sa yarda da batir mai girman nasa. Hular kwano a Faransa tilas ce ga yara 'yan ƙasa da shekara 12 kawai, amma ku sa ta. Ku tabbatar an haɗa muku da famfo da tub na canji da kayan faci da makulli, kuma ku koyi cire taya tun kafin ku tashi.

Shirin jiki kuwa ya fi shafar mazauni da wuyan hannu fiye da cinya. Wata biyu kafin tafiya ku riƙa hawa sau uku a mako, kuma a makonnin ƙarshe ku yi kilomita 35 yau ku sake yin 35 gobe, domin hawa sirdi a rana ta biyu shi ne gwajin gaskiya. Ku sayi gajeren wando mai soso a ciki, wanda ake iya sawa a ƙarƙashin wando mai faɗi, ku guji tufafi masu jan ƙasa da sarƙa za ta iya kamawa. Ranar karɓar keke kada ku bar shagon sai an daidaita tsawon sirdi, yadda idan feda ta kai ƙasa gwiwa za ta kusa miƙewa, saboda sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa a rana ta uku.

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, ko kuma Satumba. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ga lambuna sun yi kore. Yuli da Agusta lokacin hutun Faransawa ne, da zafi da cunkoso, kuma masaukai a ƙananan garuruwa irin su Azay-le-Rideau da Amboise suna cika tun da wuri. Idan fasfonku yana buƙatar bizar Schengen, wato bizar shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai, ku kama ɗakunan kafin ku nema, domin za a tambayi shaidar inda za ku kwana kowane dare, tare da inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000.