Sallah ta matso, kai ya ɗau zafi: amsoshin wannan makon

Saƙonnin wannan makon kusan kukansu ɗaya ne, Babbar Sallah ta matso, aljihu ba nauyi, barci ya ƙaurace wa mutane. Toh bismillah.

Wani magidanci daga Pantami a Gombe ya ce: "Anti, albashina dubu 80, yara biyar. Na leƙa kasuwar dabbobi ta Tike, ragon da zai shiga ido ya ninka albashina. Akwai manhajar waya da ke ba da bashi nan take, in karɓa? Wallahi ko barci ba na yi."

Malam dan Allah kar ka karɓa. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai hali, wanda zai shiga ƙunci saboda ita ba a ɗora masa ba, duk malamin da ka tambaya haka zai faɗa maka. Shi kuwa wannan bashin da ruwa yake zuwa, wato za ka ci riba don ka raya sunna, ina lissafin yake? Kuma ka san me ya sa suke neman izinin shiga lambobin wayarka kafin su turo kuɗin? Ranar da ka makara da biya surukinka da limaminku da ogan ofis duk za su ga saƙo ana kiranka macuci. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta ƙasa, FCCPC, ke fama da irinsu.

Abun da ke ƙona min rai kenan duk shekara. Yawancin wannan rashin barcin ba Allah ne ya ɗora mana ba, idon maƙwabta ne, a ɗaure rago a ƙofar gida yara su taru, a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp, kwana uku an cinye nama an bar mutum da bashin wata shida. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, wanda ke auno a Tudun Hatsi ya sani, amma mun nace sai mun yi Sallah irin ta da, da albashin da ko abincin wata ba ya kaiwa. Ga shi Sallar nan a bakin damina take faɗowa, taki na jira, haya na jira, kuɗin makaranta na nan tafe, su waɗannan ba ruwansu da kun yanka ko ba ku yanka ba. Wanda kake jin kunyarsa ɗin nan shi ma ƙila bashin ya ci, kuma ko sisi ba zai taya ka biya ba.

Tunkiya ta isar, akuya ma ta isar. Kuma kwana uku ake yanka, sau da yawa washegarin Sallah farashi kan sauko don fatake na son komawa gida, duk da ba kullum ba. In za ka saya kar girman ciki ya ruɗe ka, wasu kan ɗura wa dabba ruwa, ka taɓa gadon baya ka ji tsoka, ka duba ido da ƙafa, mai ido ɗaya da gurgu da mara lafiya da ramamme ba sa layya. In babu hali ka shiga watanda yara su ci nama. Rashin barcin kuma kar ka raina shi, ka je a auna jininka.

Wata uwa daga Jekadafari: "Ni kaɗai ce a gidan, dangin miji a nan suke sauka, ga tuwo ga cincin ga suyar nama ga kitson yara. Bara a madafa na yi Sallah ina kuka. Yanzu da na tuna gabana faɗuwa yake."

Ayya 'yar uwa, sannu, Allah ya ba ki lada. Ba ragwanta ba ce, aikin mutum huɗu kike yi ke kaɗai. Tun yanzu ki zauna da maigida cikin lumana ki ce a turo miki mutum biyu daga ƙannensa ranar suya, tunda su ma za su ci. Cincin ki yi shi saura sati, ba ya lalacewa. Kitso da lalle a gama saura kwana uku. Gas ko gawayi a tanada da wuri, kuma kar ki dogara da firiza, kin san halin wutarmu, ki soya ya soyu ko ki yi dambu. Miya ɗaya mai daɗi ta wadatar, ba dole sai kala uku ba. Kar kuma wata ta ba ki ƙwayar da ba ki san sunanta ba wai ta kashe gajiya. Da rana ki rufe ƙofa ki kwanta ko awa ɗaya ne, baƙi ba za su gudu ba. In faɗuwar gaban ta ci gaba bayan Sallah ki ga likita.

Wani saurayi daga Bolari ya ga shadda Getzner a Instagram rabin kuɗin kasuwa, wai ya tura kuɗi?

Haba ɗana. Getzner ta gaske daga Ostiriya ake kawo ta, da kuɗin waje, wane ne zai sayo ya karyar maka da rabi saboda yana ƙaunarka? Tambarin ma bugawa ake yi a manna. Wanki ɗaya sheƙin ya tafi, in ma kayan sun iso kenan. Ka shiga babbar kasuwa ka sayi yadi mai kyau da sunansa na gaskiya, ka taɓa da hannunka kafin ka biya.

Wata budurwa kuma wai ƙawayenta sun fitar da anko kala uku, ta sayar da keken ɗinkinta ta shiga? Keken da kike ci da shi? Ki yi kala ɗaya, wadda ta yi fushi ta saya miki sauran.

Mai tambaya kan telan da ya ce ta kawo saura kwana biyar zai gama: ba zai gama ba. Ki sayi ɗinkakku wa yaran, naki ki kai bayan Sallah.