Dutsen manjaniƙinmu ya tashi sama ya faɗo kusa da yara: ina matsalar?

TAMBAYA: Ni malamin kimiyya ne. Mun ƙera ƙaramin manjaniƙi (injin jifan dutse mai dogon hannu da majaujawa a bakinsa) irin na Turai mai nauyin rinjaye, muka ɗora buhun siminti 4 a matsayin nauyin. A gwaji, maimakon dutsen ya yi gaba, sai ya tashi sama ya faɗo kusa da ɗalibai. Mai waldarmu ya ce a ƙara nauyi, kuma yara su riƙa tsayawa ta baya tunda gaba yake harbi. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ka dakatar da gwajin yau.

Matsalarka ba ta nauyi ba ce, ta lokacin sakin majaujawa ce. Ƙusar da ke bakin hannun, wadda zoben igiya ke zamewa a kanta, ita ke yanke hukunci. In ta miƙe da yawa, zoben ya suɓuce da wuri. Ka ɗan lanƙwasa ta gaba, ka sake gwadawa. Tsawon igiya da nauyin dutse su ma suna sauya lokacin, don haka kada ka taɓa abu biyu a gwaji ɗaya.

Maganar tsayawa ta baya kuwa, ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kullum sai na ji ta. Mutane na ɗaukar manjaniƙi kamar bindiga, wai inda baki ya nufa can harsashi zai je. Ka zura ido ka ga tafiyar dutsen: daga ƙarƙashin injin yake fara ja da BAYA, ya zagayo sama, sannan ya yi gaba. Rabin tafiyarsa ke nan yana fuskantar inda mai walda ya ce a jera yara. Zobe ya zame da wuri, ko igiya ta tsinke, ko dutsen ya mirgino daga aljihun majaujawa, duk kansu zai nufa.

Yi lissafin da kanka. Buhunanka 4, wato kilo 200, in sun faɗo mita 1.5 sun ba ka kusan jul 3,000 (jul ma'aunin makamashi ne). Ko rabinsa ne ya shiga dutse mai kilo 2, gudunsa ya kai mita 39 a daƙiƙa, wajen kilomita 140 a awa. In ya miƙe sama sai ya haura mita 70, kuma da kusan wannan gudun zai dawo. Ƙarin buhu zai ƙara wannan ne kawai, ya kuma gajiyar da katakon.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1521 sojojin Kortes, jagoran mayaƙan Sifen, sun ƙera ɗaya a yaƙin birnin Tenochtitlan na ƙasar Meziko, dutsen farko ya tashi sama ya dawo inda ya fito. Na fadar Warwick a Ingila, wanda ƙwararru suka gina a 2005 mai nauyin tan 22, a 2015 wani tsohon ɗakin ajiye kwalekwale ya kama wuta jim kaɗan bayan ya jefa ƙwallon wuta. To in ƙwararru sun gamu da haka, ina ga wanda iliminsa bai wuce bidiyon minti 3 a YouTube ba? Mai waldarka ya iya haɗa ƙarfe, amma bai taɓa auna inda dutse zai sauka ba.

A tsaya a gefe, nesa sosai, gaba da baya duk a bar su fili. Kunamar harbin a ja ta da doguwar igiya daga gefe. Kada kowa ya sunkuya ƙarƙashin hannun bayan an ɗana, sai an sa sakata. Kada a harba babu komai a majaujawa, don ƙarfin zai ƙare ne a jikin injin. Dutsen ma ka ajiye shi, ka koma leda cike da ruwa mai nauyi daidai da shi har sai saitin ya zauna.