Yaya ake ƙiyasta man da ba a haƙo ba a cikin dutsen shel?

Tambaya: Ina yawan jin labarin cewa masana sun ce akwai ganga biliyan kaza ta ɗanyen mai ko gas a cikin dutsen shel na wani yanki, alhali ba a haƙa rijiya a mafi yawan wurin ba. Ta yaya ake ƙirga abin da ido bai gani ba? Kuma me ya sa adadin yake canzawa bayan 'yan shekaru?

Amsa: Malam, bari mu fara da shi kansa dutsen. Shel laka ce da ta kwanta a ƙasan teku ko tafki tun shekaru miliyoyi, ta cakuɗe da ragowar ƙananan halittu. Nauyin ƙasa ya matse ta ta zama dutse, zafi kuma ya dafa ragowar ta koma mai ko gas. Man yana nan warwatse cikin ƙofofin da ido ba ya gani, dutsen kuma ba ya barin sa ya gudana. Sai an haƙa rijiya ta nutsa, ta lanƙwasa ta bi dutsen a kwance, sannan a tura ruwa da yashi da ƙarfi a tsattsaga shi.

Saboda haka aikin mai ƙiyasi shi ne lissafin rijiyoyin da ba a haƙa ba tukuna. Haka Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, USGS, take yi. Da farko ana duba gutsattsarin dutsen da aka ciro daga ƙasa: kaurinsa nawa, zurfinsa nawa, ragowar halittun da ke cikinsa sun kai kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, kuma zafi ya dafa shi daidai ko ya zarce har man ya koma gas. Da wannan ake shata iyakar yankin. Sai a tambaya: fili nawa rijiya ɗaya ke iya zuƙewa? Cikin rijiyoyin da za a haƙa, kashi nawa ne za su ba da abin kirki? Kowace kuma ganga nawa za ta fitar kafin ta ƙafe?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mai wuya. Rijiyar shel takan fara da ƙarfi, amma kafin shekara ta zagayo abin da take fitarwa yakan ragu da fiye da rabi, sannan ta ci gaba da tsiyaya kaɗan-kaɗan. Daga tarihin 'yan shekaru ake hasashen rayuwarta duka, kuma kuskure kaɗan a nan, idan aka ninka shi da dubban rijiyoyi, ya zama biliyoyin ganga. Shi ya sa ba a ba kwamfuta adadi ɗaya. Ana ba ta mafi ƙaranci da mafi yawa na kowane abu, ta maimaita lissafin sau dubbai, a fitar da adadin da ake da yaƙinin kashi 95 cikin 100 za a samu, da na kashi 5, da matsakaici. Matsakaicin nan ne jaridu ke ɗauka su bar sauran, kuma wannan yana damuna, domin tazarar da ke tsakani ita ke nuna iyakar abin da aka sani.

Game da canzawar adadi, dubi dutsen shel na Bakken a jihohin Dakota ta Arewa da Montana na Amurka. A 1995 USGS ta ce ganga miliyan 151. A 2008, bayan haƙa a kwance ya kankama, ta ce biliyan 3.65. A 2013 aka haɗa da shimfiɗar Three Forks da ke ƙarƙashinsa, adadin ya kai biliyan 7.4, a 2021 kuma ya sauko zuwa 4.3 saboda an riga an haƙa dubban rijiyoyi, man da suka samu ya fita daga sahun wanda ba a gano ba. Dutsen yana nan yadda yake. Kuma ka lura, duk waɗannan alƙaluma na abin da fasahar lokacin za ta iya fitarwa ne, ba a duba ko haƙowar za ta yi riba ba.

Inda ba a haƙa rijiyoyi ba kuwa, aron alƙaluman wani yanki mai kama da shi ake yi, a nan ne ake yawan shan ƙasa. Hukumar Bayanan Makamashi ta Amurka ta taɓa ƙiyasta ganga biliyan 13.7 a dutsen Monterey na Kalifoniya, amma a 2014 ta rage shi zuwa miliyan 600, domin girgizar ƙasa ta naɗe shimfiɗun dutsen ta karya su, rijiyar kwance ba ta iya bin su. Poland ma a 2011 an yi mata albishir da gas mai tarin yawa. Da aka haƙa rijiyoyin gwaji, gas ɗin bai fito yadda zai biya kuɗin aiki ba. Kamfanin mai na ExxonMobil ya janye a 2012, kamfanin Chevron ya bi bayansa a 2015.