Waɗanne littattafai zan saya don JAMB ɗin karatun likita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji shida na sakandare, burina in karanci likitanci a ABU Zariya ko BUK. Babana ya ba ni kuɗin littattafai, amma kowa da wanda yake ce mini in saya, ga wayata cike da PDF ɗin da ake turowa a gurup. Wanne zan ɗauka, wanne zan bari?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya cika miki burinki.

Kafin ki kashe ko sisi, nemi manhajar JAMB, wato jerin maudu'an da ake fitar da tambayoyi daga cikinsu. Kyauta take a shafin hukumar. Ki je kafe a fitar miki da ta darussa huɗun da mai neman likitanci ke zanawa: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Wannan takardar ce ma'auninki. Duk littafin da aka miƙo miki, buɗe jerin babukansa ki gwada da ita. In ya tsallake abin da ke cikinta, bai ishe ki ba. In kuma ya zarce zuwa karatun jami'a, lokacinki zai cinye.

Bayan haka, darasi ɗaya littafi ɗaya. A Kemistiri na daɗe ina koyarwa da New School Chemistry na Ababio, kuma har yau ban ga dalilin canza shi ba. A Fiziks akwai New School Physics na Anyakoha, a Bayoloji kuma Modern Biology na Ramalingam. Ba su kaɗai ne masu kyau ba. Idan makarantarku da wani take aiki, kin saba da shi, ya kuma dace da manhaja, zauna a kansa. Abin da ke damuna shi ne ɗalibin da ya tara littattafan Kemistiri uku, kowanne ya karanta babi biyar na farko, har ranar jarrabawa bai taɓa ɓangaren sinadaran kabon ba, alhali tambayoyi na fitowa daga can. PDF ɗin nan da suka cika miki waya haka suke yi wa mutum: yana jin ya mallaki ilimi, bai buɗe ko ɗaya ba.

Turanci kada ki raina shi, don shi ne mai tambaya 60 cikin 180, sauran ukun 40 kowanne. Ki nemi littafi ɗaya mai yawan atisayen nahawu da fahimtar rubutu, sannan ki karanta littafin labarin da JAMB ta sa na shekararku da kanki. Ana sauya shi, saboda haka ki tabbatar da na bana kafin ki karɓi na yayarki.

Sai tsofaffin tambayoyi, inda na fi son ki saurare ni. Ki saye su, amma ki san aikinsu awo ne. Ki gama babi a littafi, ki rufe, sannan ki amsa tambayoyin wannan babin, shi ya sa na fi son waɗanda aka jera bisa maudu'i kuma aka nuna yadda aka kai ga amsa. Wata ɗalibata ta taɓa haddace cewa amsar wata tambaya ita ce lita 5.6, wato girman wurin da giram 11 na iskar CO₂ ke cikewa a daidaitaccen zafi da matsi. Na mayar da shi giram 22 a allo, ta yi shiru tana juya biro. Ba ta san cewa 11 ake rabawa da 44 a samu 0.25, a ninka da 22.4 ba. Da ta san hanyar, ko wace lamba aka sa za ta fita. Ki kuma sani akwai kurakurai a amsoshin da ke bayan wasu ƙananan littattafan nan. In amsarsu ta saɓa wa babban littafinki, kai wa malaminki ya raba gardama.

Masu cewa a tura musu kuɗi su ba da tambayoyin bana, 'yan damfara ne. Ki toshe lambarsu.

Jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, awa biyu, wanda ya kama daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Na ga yara masu ƙoƙari sun fito da hawaye don agogo ya cinye su a lissafin Fiziks. Don haka ki ware wani abu daga kuɗin nan na zuwa cibiyar CBT, inda ake yin jarrabawa a kwamfuta, ki riƙa gwaji da lokaci, ki kuma yi rajistar jarrabawar gwaji ta JAMB in an buɗe. Manyan littattafan nan dai su za su yi miki WAEC da NECO, inda kike buƙatar kiredit a Turanci, Lissafi da darussan kimiyya ukun, su ne kuma za ki koma wa idan jami'ar da kika zaɓa ta kira jarrabawar tantancewa.

Ranar da za ki shiga kasuwa, tafi da manhajar a jaka. Jabun bugu ya yi yawa, musamman na shahararrun littattafai. Buɗe na Bayoloji a hoton zuciya ko na ƙoda. In rubutun da ke jikin zanen ya dakushe ba ya karantuwa, mayar wa mai shago. Tsohon kwafi na asali da za ki aro a hannun wadda ta gama bara ya fi shi amfani, kuɗin kuma ki ƙara a na gwajin kwamfuta.