Ƙona ciyawa da wuri ko hana wuta ɗungurungum: wanne zai ceci kurmi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙauyenmu yana gabas da Jos. Mun haɗu mun keɓe wani tsauni da kurmin da ke bin rafin gindinsa, mun hana sara da farauta. Amma duk shekara wajen Fabrairu sai gobara ta shiga ta cinye ƙananan itatuwa. Dattawa sun ce mu riga ta, mu ƙona da kanmu da zarar ruwa ya ɗauke. Matasa sun ce wannan ma ɓarna ce, a hana wuta gaba ɗaya. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dattawanku sun fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗi. Abin da kuka keɓe ba daji iri ɗaya ba ne. Akwai filin ciyawa mai itatuwa jefi-jefi, akwai kan dutse, akwai kurmin bakin rafi. Filin ciyawa ya saba da wuta. Kurmi kuwa bai kamata wuta ta taɓa shi ba ko sau ɗaya.

Dalilin yana jikin itatuwan. Maje, ɗorawa da namijin kaɗanya suna da ɓawo mai kauri, wuta mai sauƙi takan babbake su ta wuce, su sake toho. Itatuwan kurmi irin su malmo ɓawonsu siriri ne. In wuta ta ci gefen kurmi, rana sai ta samu hanyar shiga, ciyawa ta fito a inda da inuwa ce, baɗi kuma wutar ta ƙara kutsawa ciki. Haka kurmi ke tsukewa shekara bayan shekara har rafin ya fara ƙafewa da wuri.

An daɗe da gwada wannan a Najeriya. A gandun dajin Olokemeji, can ƙasar Yarbawa, tun 1929 aka ware fili uku: ɗaya ana ƙona shi a farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya an tsare shi daga wuta. Bayan kusan shekara 30, wanda aka tsare ya kama hanyar zama kurmi, na ƙarshen rani ya koma ciyawa da 'yan tsirarun itatuwa masu jure wuta, na farkon rani ya tsaya a tsakani. Kun ga ke nan matasanku ma ba su yi ƙarya ba. Sai dai can gandun gwamnati ne mai ma'aikata. A ƙauye, in kun hana wuta shekara uku, ciyawa da busassun rassa za su taru, ranar da mai neman gafiya ko mai cire zuma ya kyasta ashana a Fabrairu, ga iskar hunturu, wutar da za ta tashi sai ta kashe har manyan bishiyoyin da suka tsira a baya. Furen ɗorawa ma a rani yake fitowa, wutar ƙarshen rani na tafiya da kalwar shekarar.

Don haka aikin farko ba ƙonawa ba ne, layin tare wuta ne. Ruwa kan ɗauke a Jos cikin Oktoba, to a fara a ƙarshen watan ko farkon Nuwamba tun ƙasa na da sauran laushi. A share layi biyu da fartanya har sai an ga ƙasa, kowanne faɗin mita 1 zuwa 2, a bar tazarar mita 8 zuwa 10 a tsakaninsu. Ciyawar tsakiya a yanke ta da lauje, a kwashe mai kyau don jinka da zana da abincin dabbobi, ragowar a ƙona ta da yamma. Inda gamba ta yi tsawo, don takan wuce mita 2, a faɗaɗa layin, haka ma ɓangaren arewa maso gabas inda hunturu ke bugowa. Irin wannan tagwayen layin, ɗaya ya zagaye wurin duka, wani kuma ya raba filin ciyawa da kurmi, a ja shi nesa da bakin kurmin kaɗan don kada zafi ya taɓa ganyen gefe.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara ciyawar da aka share a gefen layin. An yi wa wuta gada ke nan. Na biyu, dogaro da turbar ƙafa, wadda tartsatsi ke tsallake ta ba wahala. Na uku, kututture da busasshen kashin shanu: sukan ci a ɓoye har washegari, iska ta hura su ko su gangaro daga kan tudu bayan kowa ya koma gida.

Sai ƙonawa da wuri. Ba kalanda ce ke faɗin ranar ba, ciyawar ce. A kama dami a duba: in sama ya bushe, gindi kuma kore ne, lokaci ya yi. In karan yana karyewa ƙas har ƙasa, an makara, a haƙura a tsaya ga tsaron layi. Yawanci wannan dama tana faɗowa ne daga Nuwamba zuwa farkon Disamba. A kunna bayan la'asar, lokacin da iska ta lafa, yadda sanyi da raɓar dare za su kashe ta da kansu. A sa wutar ta tafi tana fuskantar iska, kuma a faro daga saman tudu zuwa ƙasa, domin gudun wuta kan kusan ninkawa a duk ƙarin digiri 10 na hawa. Mutum 8 zuwa 10 sun isa, da ɗanyun rassa na bugu, da manjagara, da injin feshi na goyo guda biyu masu cin lita 16, an wanke su tas an cika da ruwa. Kada a manta dawar maƙwabta tana tsaye a gona a wannan lokacin. A sanar da su da mai unguwa da ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma tun kafin ranar.

Ƙonawa mai kyau ba ta da kyan gani. Takan bar wuri dabbare-dabbare, nan baƙi can ciyawa a tsaye, kuma haka ake so. A raba filin gida uku, a ƙona kashi ɗaya kowace shekara. Inda kuke son ƙananan itatuwa su tashi, a share gindinsu a hana musu wuta har su wuce tsawon mutum, sannan ne kan bishiyar ke kuɓuta daga harshen wuta.

Barin ciyawa a tsaye yana da wani dalili, kuma misalinsa na kusa da ku. Dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos, bai wuce hekta 300 ba, amma shimfiɗarsa irin taku ce: duwatsu, filin ciyawa da kurmin rafi. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take tun 2001, tana aiki da Jami'ar Jos. Daga cikin abin da ya fito da sunan wurin akwai wani ɗan jan tsuntsu mazaunin duwatsu, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda sai a 1998 masana suka tantance shi a matsayin jinsi na daban. Ƙwayar ciyawa yake ci, kuma yana sheƙa daga ƙarshen damina zuwa farkon rani. Akwai kuma wani baƙin tsuntsu, Vidua maryae, wanda ba ya gina sheƙa, a cikin ta jan yake saka ƙwansa, har kukansa yake kwaikwaya. In aka ƙone ciyawar gindin duwatsu a Oktoba ko farkon Nuwamba, an haɗa sheƙa da abinci an ƙone, an kuma cuci tsuntsu biyu a lokaci guda. Ko babu waɗannan a tsauninku, kazar dutse da fakara da rema duk a wannan tsakanin suke fakewa. Shi ya sa muke ganin a bar ciyawar da ke manne da duwatsu, a tsare ta da layi kawai.

A lura da lantana, wannan baƙon tsiro mai ƙananan furanni da ya cika gefen dazuzzukan Filato. Yakan hau itatuwan bakin kurmi, ya zame wa wuta tsani. Ƙonawa ba ta kashe shi, sabon toho yake yi. Sai an tono gindinsa da diga a cikin damina, a kuma koma a cire 'ya'yan da suka fito. Bishiyar turare da aka dasa a tsofaffin wuraren haƙar kuza ita ma ganyenta na da mai, kada a dasa ta kusa da layi.

Daga Janairu zuwa saukar ruwa a Afrilu babu sauran kunna wuta. A sake bin layin da manjagara sau ɗaya a wata, don busasshen ganye kan rufe shi. A sa makiyaya da mafarauta da masu zuma cikin kwamitin, a yi yarjejeniya cewa ciyawar layi tasu ce su yanka kyauta, a kuma raba kwanakin sintiri tsakanin unguwanni, a tsayar da wanda za a kira in an hango hayaƙi.